Labarin Gonar Makaranta a Ƙasar Bungudu da Gusau da Tsafe

Cikin ayyukan da En'e ta Sakkwato ta riƙe a gabashin ƙasarta akwai wani ƙarami wanda ba a cika ambatonsa ba in ana lissafin manya, irin su haraji da jangali da shari'a da gyaran hanya. Wannan aiki shi ne gonar makaranta, watau ɗan filin nan da a kan yanka a bayan makarantar elementare, a kewaye shi da ƙaya ko bini-da-zugu, a ce yara su koyi noma a ciki. Kuɗin da Baitulmali ya kashe mata bai taka kara ya karya ba, ba a kuwa cika jin wanda ya sami girma saboda ita. Amma maganar da ke ƙarƙashinta babba ce, ta kuma shafi kowane hakimi da dagaci da aka taɓa aika wa takarda a ce ya kawo yara makaranta. In an ɗauke ɗan manomi shekara 4 ko 8, wa za a mayar wa ubansa? Manomi ne wanda ya fi shi sanin gona, ko kuwa malami ne mai farar riga wanda ba zai ƙara taɓa fartanya ba?

Furfuri gari ne na manoma cikin ƙasar Bungudu, ba nisa da Gusau, in kuwa an faɗi halin ƙasar an faɗi nata. Ƙasar nan ta fi ta Sakkwato samun ruwan sama. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta, ya bi ta Gusau ya wuce ta Bungudu, ga fadamu a gefensa, ga jigawa mai son gero da gyaɗa, ga baƙar laka mai son dawa da auduga. Duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe suna tsaye a kanta, a gindinsu kuwa an daɗe ana noma tun kafin Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a zamanin jihadi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, yaron wannan ƙasa ba ya jiran makaranta ta koya masa noma. Tun yana ɗan shekara 6 ko 7 ya ke bin bayan mai sungumi ranar shuka, yana jefa iri a rami yana rufewa da dunduniya. In gero ya fid da kai, shi ke korar tsuntsu. Kafin ya kai 12 an ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, ya shiga sahun gandu, ya yi firi, ya yi maimai, ya ga yadda a ke huɗa. Da ya ƙara tasawa sai uban ya yanka masa gayauna, wadda zai riƙa nomawa da yamma bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu nasa ne, ya sayi riga ko ya tara na aure. Ya san ƙasar da wuta-wuta ta kama, ya san dalilin da ya sa a ke roƙon Fulani su kwana da shanu a gona da rani. Almajiri ma ba a bar shi ba, gama da damina gonar malaminsa ya ke nomawa. Bisa dukan wannan ga sarautar Sarkin Noma, wadda a al'ada a kan danganta da noman dami dubu. Ƙasar da ke da irin wannan tarbiyya, wanda ya zo ya ce zai koya wa 'ya'yanta riƙon fartanya ya ɓata lokacinsa da nasu.

To, me ya kawo maganar koyar da noma a makaranta? Abu biyu ne, ɗaya daga kasuwa, ɗaya daga takardun masu mulki. Na kasuwa shi ne auduga. Masu masaƙu na Manchester a Ingila sun kafa ƙungiyar neman auduga cikin 1902, wadda a ke kira B.C.G.A., suka sa ido a kan ƙasar Hausa. Audugar gargajiya gajeren zare gare ta, ba ta yi wa injinansu daidai ba, saboda haka cikin 1912 aka shigo da irin Amurka mai suna Allen. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Gusau cikin 1927, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, kamfanoni suka buɗe kantuna, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. Haraji kuwa da kuɗi a ke biyansa, ba da dami ba. Sabon irin nan ya zo da sharuɗɗa waɗanda kakanni ba su sani ba: a karɓi iri sabo kowace shekara kada a ajiye na gida, a shuka da wuri, a rage tsiro, a tsince auduga da tsabta a raba fara da mai datti don ta ci lamba ɗaya a kasuwa, in an gama kuma a tuge karan a ƙone kafin ranar da doka ta yanka, don kada tsutsa ta kwana a ciki ta jira baɗi. Wanda ya ƙi tugewa a kan kai shi gaban alƙali. Amma tara ba ta koya wa mutum dalili, sai aka ga gara a faɗa wa yaro dalilin tun yana ƙarami.

Na takardu kuwa ya fi tsawo. Cikin 1905 Razdan Burdon ya buɗe 'yar makarantar boko a Sakkwato domin 'ya'yan sarakuna. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda aka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nassarawa a Kano, ya haɗa karatu da sana'ar hannu da aikin gona, don ra'ayinsa shi ne kada boko ya raba yaro da mutanensa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko wata ƙungiya ta Amurka mai suna Phelps-Stokes ta aiko mutane su duba makarantun Afirka ta Yamma cikin 1920 da 1921, cikinsu har da Dokta Aggrey, mutumin Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana. Abin da suka zo da shi a zuci shi ne misalin makarantar Tuskegee, wadda Booker T. Washington ya shugabanta tun 1881 domin baƙaƙen Amurka, inda a ke koyar da noma da sassaƙa tare da karatu. Suka ce makarantun Afirka sun cika littafi, sun manta da ƙasa. Cikin 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufar ilmi ta ƙasashen Afirka da ke hannunta, ta ce a daidaita ilmi da zaman mutane da sana'arsu. Magatakardan kwamitin da ya fitar da ita kuwa ba wani ba ne, Ɗan Hausa ne. Da E. R. J. Hussey ya zama shugaban ilmi na Nijeriya duka cikin 1929, sai ya tsara makarantu hawa-hawa: elementare shekara 4 da Hausa, a garuruwan hakimai da manyan ƙauyuka, sa'an nan Midil a babban birnin lardi. Noma da sana'a suka shiga jadawalin elementare, aka buɗe wuraren horon malamanta a Katsina da Bauci. En'e ke gina makarantun, ita ke biyan malamai.

Ba a rasa masu zargi ba, a Kudu musamman, waɗanda suka ce wannan dabara ce ta tsare baƙin mutum a gona don kada ya nemi kujerar Bature. Zargin bai rasa tushe ba. Amma a Arewa abin da ya fi ƙarfi wani ne dabam: En'e kanta tana ƙishin malamai. Tana son malamin haraji, da malamin asibiti, da magatakardan kotu, da malamin daji, ba ta kuwa da inda za ta same su sai cikin 'yan makarantun nan ƙalilan. Watau hannun da ya miƙa wa yaro fartanya da safe, shi ne ya nuna masa alƙalami da albashi da rana.

Abin da za a koyar daga Samaru ya fito, kusa da Zariya, inda Ma'aikatar Gona ta kafa gonar gwaji cikin 1922, zamanin shugabanta O. T. Faulkner. Babbar damuwarsu ita ce gajiyar ƙasa. A Kudu sun gwada shuka wani irin wake a huɗe shi ɗanye ya zama taki. A Arewa damina gajera ce, ba manomin da zai ba da rabin daminarsa ga abin da ba za a ci ba. Sai suka juya ga shanu. Suka ce manomi ya riƙe bijimai biyu a gida, ya ci da su da harawa da karmami, su ja masa garma, kashinsu da shimfiɗarsu su zama taki. Da mutum 3 aka fara cikin 1928. Baitulmalin En'e ke ba da rancen shanu da garma, a biya a hankali. Cikin waɗanda suka fara karɓa da yawa hakimai ne da masu hali, gama talaka mai 'yar gona ba shi da filin da zai ishi garma, ba shi da abin da zai ba shanu da bazara. Duk da haka garmar shanu ta kama a ƙasar auduga, daga Funtuwa har Gusau, ta zama abin da kowa ya sani.

Ga yadda aka so gonar makaranta ta kasance. Hakimi ko dagaci ya ba da fili kusa da makaranta. A auna shi, a raba shi gida-gida, a kafa turaku. Kowane gida da abin da za a shuka bana da abin da zai biyo baya baɗi: inda aka yi dawa a yi gyaɗa, inda aka yi gyaɗa a yi auduga, haka har a zagayo, don kada abu guda ya tsotse ƙasa, kada kuma wuta-wuta ta sami wurin zama. A ja igiya a yi kunya miƙaƙƙiya, a yanki kara ya zama ma'auni tsakanin rami da rami. A haƙa wani rami babba a gefe, a riƙa zuba shara da toka da kashin awaki da ciyawa, a yayyafa ruwa, a juya, har ya ruɓe. Manyan yara a yanka wa kowa ɗan wurinsa, kamar gayauna. Inda akwai rijiya a yi lambu da rani, a dasa mangwaro da lemo da dogon yaro.

Amma duk wannan jiki ne, ran abin shi ne littafi. An so kowace gonar makaranta ta sami littafi wanda yara za su rubuta da hannunsu: ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar da aka shuka, irin da aka sa da yawansa, kwana nawa aka yi aiki, ranar girbi, da nauyin abin da aka samu, laba nawa, aka sayar sule nawa da kwabo nawa. Nan ne lissafin aji ya ke sauka ƙasa. Yaron da ya haddace kwabo 12 sule 1, sule 20 fam 1, ya kan ga amfanin haddarsa ranar da aka ɗora buhu a sikeli. Ya koyi cewa fili mai yadi 70 tsawo da yadi 70 faɗi ya yi kusan eka guda. Sa'an nan ga gwaji, wanda shi ne sabon abu na gaske. A ɗauki fili biyu maƙwabta, girmansu ɗaya, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, a nome su tare, a sa wa ɗaya taki a hana ɗaya. A ce na farko ya ba da dami 9, na biyu ya ba da 6. Wanda ya saba zaman kotu ya san wannan hanya, gama ita ce hanyar alƙali: ba a yanke hukunci da ji-ta-ji-ta, sai an kawo shaidu, an yi musu tazkiya, an ga ba wanda ke da wata alaƙa da za ta karkatar da maganarsa. Fili biyun nan su ne shaidu, igiya da sikeli su ne masu tazkiya. Manomi ya san taki na da amfani tun kaka da kakanni, ba ya bukatar a gaya masa. Abin da ya rasa shi ne hanyar da zai san nawa ne amfanin, ko ya biya wahalar jaki da mangala, ko kuma sabon irin da malamin gona ya kawo ya fi na rumbunsa ko bai fi ba. Yaron da ya fita makaranta da wannan ya fita da abin da babu shi a gandu.

Sai dai awo ba abin so ba ne ga talaka. A wasu lardunan, Kano da Katsina musamman, an yi zamanin da malamai ke auna gonaki da taki, watau da ƙafa, a yanka haraji gwargwadon abin da aka auna, labari kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka. Uba ya ga ɗansa yana taka gona yana rubutawa, ba abin da zai faɗo masa a rai sai kuɗin ƙasa.

Cikin 1938 Sarkin Musulmi Abubakar ya hau gadon sarauta, ya naɗa Ahmadu Sarkin Raba Sardauna, aka aiko shi Gusau ya duba gundumomi 14 na gabas. Shi kansa tsohon malamin Midil ta Sakkwato ne, ya koyar can daga 1931 zuwa 1934, saboda haka gabas ta sami mai duba wanda ya san aji. Shekara guda bayan haka yaƙi ya tashi. Gwamnati ta matsa a noma gyaɗa da auduga, ta nemi hatsi domin soja da masu haƙar kuza a Jos, aka kuma ɗebi mutane daga larduna a tilas aka kai su aikin kuzar. Cikin 1942 ruwa ya yi gardama a arewacin ƙasar Hausa, yunwa ta faɗo wadda mutane suka sa wa suna 'Yar Gusau, don Gusau aka nufa neman hatsi. Wannan suna shaida ne ga manoman ƙasar nan, waɗanda kusan dukansu ba su taɓa shiga aji ba. Bayan yaƙi aka yi makarantar horon malamai a Maru, yamma da Bungudu, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki cikin 1950, aka fara samun malaman elementare 'yan ƙasa waɗanda suka san lakarta da jigawarta.

To, in tsarin ya yi kyau haka a takarda, me ya hana shi kama ƙasa? Babbar ɓarna ita ce mayar da gona wurin horo. Yaro ya makara, ko ya kasa lissafi, sai a ce ya tafi ya nome kunya 5. Ba a bukatar dogon bayani a gane abin da ya koya: ya koyi cewa alƙalami lada ne, fartanya kuwa hukunci. A gida in ya yi noma, uba na gaba yana bi, ga fura da hantsi, ga gayauna tana jiransa. A nan kuwa ga bulala. Bayan wannan ga maganar amfanin gonar. Inda babban malami ya ke mai amana, a sayar a gaban yara, a rubuta, a saya musu ƙwallo ko a yi musu walima, su ga guminsu ya komo. Inda ba haka ba, dawa ta bi dare ta shiga rumbun wani, littafi ya zauna fari fat, ko a cika shi rana ɗaya in an ji mai duba makarantu na tafe. Yara ba su da baki, amma suna da ido. Aikin da mutum bai ga amfaninsa ba, bai kuwa isa ya ƙi ba, sunansa aikin tilas, ƙasar nan kuwa ta san shi farin sani. Ga kuma ƙananan abubuwa masu kashe gona: hutu ya faɗo ciyawa na tashi, a canja malami tsakiyar damina wanda ya gaje shi bai san inda turaku su ke ba, awakin gari su keta shinge. Uba kuma yana kallo an ɗauke masa hannu a lokacin firi, lokacin da kwana 3 ke raba mai ci da mai saye, an kai shi yana noma gonar da ba ta kowa ba.

Mafi nauyi duka shi ne abin da kowane ma'aikacin En'e ya sani a jikinsa. Yaron da ya fi ƙoƙari a elementare shi a ke zaɓa ya tafi Midil a Sakkwato, daga can in Allah ya nufa ya wuce Kwaleji. Ba wanda aka zaɓa don kunyar da ya huɗa ta fi miƙewa. Wanda ya tafi ya komo da albashi kowane wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ga keke, ga mutane na durƙusa masa. Wanda ya rage ya koma gandu ba shi da fili nasa, ba shi da kuɗin shanu, bai kuwa isa ya ce wa ubansa a sake tsarin shuka ba. Ilmin yana kansa, gonar tana hannun wani. Kafin gado ya zo masa ƙila shekara 20 ta wuce, abin ya dushe.

Akwai kuma wurin da makaranta ta yi kuskure uba ya yi daidai, ya kamata a faɗa don adalci. An koya wa yara cewa noma na gari shi ne abu ɗaya a fili ɗaya. Manomin ƙasar nan kuwa gero da dawa ya ke haɗawa, ya sa wake a tsakani, ko ya gitta layin hatsi cikin gyaɗa, abin da a ke kira gicci. Aka ɗauki wannan rashin tsari ne. Aka kuma yi ta faɗa da shi don yana jinkirta shukar auduga sai ya gama da abinci. Sai bayan Samaru ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 wani masani mai suna David Norman ya bi manoman ƙauyuka 3 na ƙasar Zazzau, cikin 1966 da 1967, aka rubuta aikinsu, aka auna gonakinsu da amfaninsu. Lissafi ya nuna haɗa shuka ya fi kawo riba a eka, ya fi biyan wahala a lokacin noma sa'ad da hannu ke ƙaranci, ya kuma fi tsare gida daga asara, gama in gero ya ƙi, dawa ta yi. Watau da igiya da sikeli da littafi, kayan gonar makaranta, aka wanke manomi daga laifin da gonar makaranta ta ɗora masa. Da an bar yara sun gwada tsarin uba a fili ɗaya, na Samaru a ɗaya, tun shekarun 1930, da shaidun sun yi magana tun tuni.

Abin da ya biyo baya gajere ne. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantun koyon noma domin samarin da suka gama firamare, aka kafa ƙungiyoyin matasa manoma bisa misalin na Amurka da Ingila. Daga 1968 aka fara karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafinta. Cikin 1975 aka fara babban shirin gona na Gusau da rancen Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gombe, ya kawo takin zamani da sabon iri da hanyoyin ƙauye, amma da manya ya yi hulɗa. Cikin 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo abu biyu a shekara ɗaya: shirin ciyar da ƙasa, wanda ya nemi makarantu su yi gonaki, da ilmin firamare kyauta ga kowa. Na biyu ya cinye na farko. Yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, a wurare da dama aka gina azuzuwa a kan filayen, garuruwa suka faɗaɗa suka haɗiye sauran. Darasin noma bai fita daga jadawali ba, har ya sami matsayi cikin manufar ilmi ta 1977, ya zama abin jarrabawa. Amma a makarantu da yawa ya koma kan allo, ɗan manomi yana zana fartanya a takarda don ya ci maki.

Ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta, jihar ta ɗauki noma abin alfaharinta a takenta, ta riƙe kwalejin aikin gona a Bakura. Sa'an nan masifar 'yan bindiga ta shigo, ta taɓa gona da makaranta tare. Cikin 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ran 26 ga Fabrairu, an shiga kwalejin Bakura cikin Agusta, an kwashi yara 73 a Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba, har gwamnati ta rufe makarantun jihar na wani lokaci. A waɗannan shekaru mutanen ƙauyuka da yawa na Bungudu da Tsafe da Maru suka bar gonakinsu na nesa, wasu suka kwashe iyali suka koma Gusau. Cikin 'ya'yansu akwai waɗanda suka kai shekara 10 ba su taɓa bin bayan mai sungumi ba, ba su san firi da maimai ba sai a bakin tsofaffi. Abin da malamin elementare na 1930 bai bukaci koya wa kowa ba, watau riƙon fartanya kansa, shi ne waɗannan yara suka rasa mai nuna musu.